Dogo a Gonar Malam Ashiru

Ƙofar zauren gidan bikin nan na Cadawa ba don mutane irin Faruku aka gina ta ba. Ya yi sallama, ya sa kai zai shiga, sai goshinsa ya haɗu da azarar sama, gwaf! Hularsa ta faɗi ta gangara har gaban wata budurwa da ke fitowa da kwanon abinci a ka.

Ta so ta danne dariya, dariyar ta ƙi dannuwa. Ta sauke kwanon, ta ɗauki hular ta kakkaɓe, ta ɗaga kai za ta miƙa masa, sai ta ga dole ta ƙara ɗagawa kafin ta kai ga fuskarsa.

"Sannu, Dogo," ta ce. "Duk mun gani, ƙohwar ce da laihi."

"To ki hwaɗa mata na yahe," in ji shi, yana murza goshi. "Amma mai dariya ban yahe mata ba sai na ji sunanta."

Sunanta Naja'atu, malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Gazawa, ƙananan yara take koyarwa, bikin ƙawarta ya kawo ta. Shi kuwa Faruku ɗan wani ƙauye ne arewa da Gidan Rumji. Tun yana yaro tsayinsa ya kai shi Yamai, inda yanzu wata ƙungiya take biyansa albashi don buga ƙwallon kwando. Kafin la'asar ya san garinsu, ya san sunan mahaifinta, ya kuma sami lambar wayarta daga hannun amarya, wadda ba ta ko yi masa wuya ba.

Ga kowa, hutun damina ne ya kawo shi gida. Gaskiyar kuwa ita ce a wasan ƙarshe na zangon da ya wuce ya yi tsalle, aka ture shi a sama, ya faɗo da baya. Likitan ƙungiya ya ce masa ban da duƙawa, ban da ɗaukar kaya, har sai an sake duba shi kafin sabon zango. In bayan ya warke a sabunta masa yarjejeniya, in bai warke ba sai dai a yi haƙuri. Bai gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarsa, domin yana tsoron ya furta maganar ta tabbata.

Washegari saƙonsa ya shigo wayarta tana tsakiyar wanki.

"Malama, goshina ya kumbura. Likita ya ce maganinsa muryar wadda ta yi dariya."

Ta karanta ta sake karantawa, ta goge hannu a zane, ta rubuta: "Allah ya sawwaƙe, Dogo. Ka riƙa gaida ƙofofi kafin ka shiga."

Daga nan zance ya ƙullu. Yakan hau mota tun daga Gidan Rumji, ya ratsa Maraɗi da Cadawa, ya isa Gazawa da rana tsaka, ƙafafunsa sun yi tsami. Ita tana kiransa Dogo, shi yana kiranta Malamata. In suna tsaye a ƙofar gida sai ta ce ya zauna don Allah, wuyanta ya gaji.

Wata rana ta tambaye shi, "Wai mi kaka ji in ka jehwa ƙwallo ta shiga?"

Ya ce, "Kamar sa'adda na ga saƙonki ya shigo. Ina sani zai zo, amma sai ya zo hankalina ka kwanciya."

Ta rufe fuska da mayafi, zuciyarta kuwa ta riga ta gama yanke shawara.

Da maganar ta yi nisa, Faruku ya tura ƙanin mahaifinsa, Kawu Jaye, wajen Malam Ashiru, mahaifin Naja'atu. Malam Ashiru manomi ne na gero da gyaɗa, mutum mai faɗa ɗaya, wanda bai taɓa zama ya kalli wani wasa ba tun da aka haife shi. Ya saurari baƙonsa har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da kowa yake tsoro.

"Yaron mi yaka yi?"

Kawu Jaye ya gyara zama ya yi bayani iyakar ƙoƙarinsa. Akwai ƙwallo, akwai kwando a saman ƙarfe, ana jefawa.

"In ya cika kwandon sai a kai ina?"

"Ai Malam, kwandon ba shi da gindi."

Malam Ashiru ya daɗe yana kallonsa. "Wato ƙato guda, da gemunai, shina jehwa abu cikin kwando hujajje, shi za ni ba ɗiyata?"

Ba wannan kaɗai ba ne. Akwai Rashidu, ɗan aminin Malam Ashiru, mai fataucin kaya tsakanin Gazawa da ƙetaren iyaka, wanda ya daɗe yana kawo gaisuwa gidan. Sana'arsa ana ganinta da ido, a ɗaure bayan babur. Naja'atu ba ta taɓa ba shi fuska ba, amma shi ma bai taɓa gajiya ba.

Kwanaki Naja'atu ba ta cin abincin kirki. Mahaifiyarta, Inna Dija, ita ta yi ta bin Malam da lallashi, yau da fura mai sanyi, gobe da magana mai laushi, har ya ɗan sassauta. Ya aika wa Kawu Jaye cewa gidansa yana da al'ada tun kakanni. Duk wanda ya auri ɗiyar gidan sai da ya kawo gayya gonar uban a lokacin maimai, wato noma na biyu, kuma shi manemin da hannunsa yake kama layi tun daga bakin gona har ƙarshenta. In ɗan wasa zai iya, bismillah. In ba zai iya ba, ga Rashidu nan.

Faruku ya amsa da murna, bai ko tsaya tunani ba. A ƙauyensu ƙasa rairayi ce, noman tsaye ake yi, da hauya mai doguwar ƙota wadda mutum zai tura gabansa yana tafe a miƙe kamar mai shara. Da ita ya yi noma yana yaro, ita kaɗai ya sani. Ya ce a ransa wannan ai ko likita ba zai hana ba.

Sai ranar da ya zo zance aka shigar da shi zaure saboda yayyafi. A kusurwa ya ga hauyoyin gidan a jingine, ƙotar kowace ba ta wuce kamu ɗaya da ɗan wani abu ba.

"Waɗanga na yara ne?" ya tambaya.

Naja'atu ta yi dariya. "Na Baba ne da yayyena. Mu nan ƙasa tana da nauyi, duƙe aka noma. Ko kai ba ka san noman duƙe ba?"

Ya yi murmushin yaƙe, ya ce ya sani mana. Amma tun daga lokacin hirar ta mutu a bakinsa, ya yi sallama tun kafin yayyafin ya ɗauke. A mota bai ga komai na hanya ba. Idan ya duƙa a gonar nan tun safe, zai iya rasa wasan da ya ba rayuwarsa duka. Idan bai duƙa ba, ya rasa Naja'atu.

Sai ya fara ja da baya ba tare da ya shirya ba. Saƙonninsa suka gajarce. In ta tambayi ranar gayya sai ya ce ana shiri. Ita kuwa tsoro ya shige ta, ta riƙa duba waya a tsakiyar girki, tana tambayar kanta laifin da ta yi.

Ana cikin haka Rashidu ya tare ta a hanyar kasuwa, ya ce ba don komai ba, don dai ta sani. Ya nuna mata wani hoto a wayarsa, wanda ya tsinto a shafin ƙungiyar su Faruku. Ga Faruku kwance rub da ciki ba riga, ga wata mata tsaye a kansa, hannayenta biyu a bayansa.

Naja'atu ta juya ta koma gida. Sai da ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa hawaye suka zubo, ta rubuta wa Faruku:

"Faruku, na ga hoton. Yanzu na gane abin da ya sa gayya ta gagara. Da ka faɗa mini tun farko da ban tsaya gaban Baba ina kuka saboda kai ba. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Tun da suka haɗu ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Amsarsa ta zo nan take:

"Malamata, don girman Allah kada ki yanke mini hukunci ta waya. Gobe da hantsi ina ƙofar gidanku. In kin ji bayanina kika ce in tafi, zan tafi."

Ya zo kamar yadda ya ce. Ta fito fuska a ɗaure, ta tsaya nesa. Bai yi wani kwana-kwana ba, ya gaya mata komai, faɗuwar, da maganar likita, da yarjejeniyar da ke jiran a sake duba bayansa. Matar nan ma'aikaciyar asibiti ce mai gyaran jikin 'yan wasa, ta haifi kamarsa. Sannan ya gaya mata kuskuren da ya yi game da hauya.

Fushin ya zube, wani abu da ya fi shi nauyi ya maye gurbinsa. Ta zauna a dakali.

"Dogo, in ka duƙa mi za ya hwaru?"

"Wataƙila ba komi. Wataƙila kuma shi ke nan."

"To mu hwaɗa ma Baba gaskiya."

"A'a!" Ya faɗa da sauri har ta razana. "Mutumin da ya ce wasa nika yi, in je in ce mishi wasan ma ya karya ni? Mi ya rage gare ni ke nan? Ki yi mini alkawari ba ki hwaɗi."

Ta yi alkawarin tana kuka, ta kuma yi nadamarsa tun kafin ya kai bakin titi. Ana gobe gayya ta aika masa: "Dogona, kada ka zo. Na fi son in rasa ka kana tsaye da ƙafafunka." Ya amsa da kalmomi kaɗan: "Tsayuwar da babu ke ba na sonta. Ki yi mini addu'a."

Ranar gayya gari ya waye da lumshi. Faruku ya zo da Kawu Jaye da samarin ƙauyensu cike da mota. Rashidu ma ya zo da nasa mutanen, wai taya aminin mahaifinsa aiki. Makaɗa suka saki ganga, geron ya kai gwiwa, kore shar, layukan kuwa sun miƙe har inda ido yake gajiya.

Aka miƙa wa Faruku hauya. A hannunsa ta zama kamar ludayi, mutane suka yi ta dariya. Ya yi bismillah ya duƙa.

Da farko abin ya tafi. Ƙarfi ba shi ne matsalarsa ba, har ya wuce na kusa da shi, makaɗa suka koma kansa suna zuga shi. Amma mutum mai tsayinsa sai ya naɗe kansa biyu kafin hauya ta taɓa ƙasa. Kafin rana ta yi zafi ya ji wani abu ya tsarga masa daga ƙugu zuwa ƙafar hagu, kamar an soka masa tsinke mai wuta. Ya cije leɓe ya ci gaba.

Da hantsi mata suka kawo fura, Naja'atu tana cikinsu. Tun daga nesa idonta ya nemo shi. Ta ga ya miƙe a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ta ga yadda yake jan ƙafar hagu, ta ga ya waiga ko wani ya lura, sannan ya sake duƙawa. Ko rabin layin bai kai ba.

Ta yi alkawari, kuma ɗiya ba ta shiga tsakiyar maza ta yi wa ubanta maganar saurayi, wannan abin faɗa ne har jikoki. Ta sauke ƙwaryar fura a gindin gawo. Inna Dija ta kira ta ƙasa-ƙasa, ba ta juyo ba. Ta ratsa cikin geron, maza suna dakatawa suna kallonta, har ta isa inda mahaifinta yake tsaye, ta durƙusa.

"Baba, ka tsai da shi. Bayanai a karye yake. Likita ya hana shi duƙawa, in ya ƙarasa layin ga aikinai ya ƙare. Ya ce kada in hwaɗi, na kuwa hwaɗi. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

Malam Ashiru ya dube ta, ya dubi can inda dogon yake fama. Ya ɗaga hannu, ganga ta yi tsit. Ya taka da kansa har wajen Faruku, jama'a suna biye.

"Miƙe."

Faruku ya yi ƙoƙari, sai da Kawu Jaye ya tallafe shi. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, idonsa a ƙasa.

"Gaskiya ta hwaɗi?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Da wanga bayan kaka cin abinci?"

"Da shi."

"Da shi kuma za ka ciyar da ɗiyata?"

"In Allah ya yarda."

Muryar Malam Ashiru ta tashi, har na bakin gona suka ji. "To wa ya ba ka izinin ka zo ka kashe shi cikin gonata? Ni san nomana in ya yi ɗingishi kwance shi nika yi, in bar garma ta jira. Kai ka ɗauke ni mutumin da za ya karya ɗan mutane don a nome mishi gero?"

"Tsoro na ji, Baba," in ji Faruku. "Na ji tsoron in kun sani ku hana ni ita."

Naja'atu tana durƙushe inda aka bar ta, ta rufe ido, tana jiran ta ji an kira sunan Rashidu.

Malam Ashiru ya miƙa hannu ya karɓi hauyar daga hannun Faruku. Ya cire babbar rigarsa ya ba Kawu Jaye.

"Al'ada ba ta tashi, sai an kai layin ga ƙarshe," ya ce. "Amma in ɗa ya gaza, ubanai ka ƙarasa mishi. Ku kai ɗana inuwa."

Ya tofa yawu a tafi, ya duƙa daidai inda Faruku ya tsaya. Sai da ya yi sara uku kafin mutane su gane abin da suka ji, sannan guɗar Inna Dija ta tashi daga gindin gawo, ganga ta amsa. Rashidu ya tsaya jim, ya rataya hauyarsa a kafaɗa, ya je ya ce wa Faruku Allah ya ba da lafiya, ya hau babur ya tafi.

Murna ba ta kori fargaba ba. A kwance aka mayar da Faruku gida, daga can aka wuce da shi Yamai. Naja'atu ta koma kwana da waya a hannu, duk ƙarar da ta yi sai gabanta ya faɗi. Da saƙon ya zo, sai da ta yi addu'a kafin ta buɗe.

"Malamata, ciwon ya tashi. Likita ya ce da na ƙara kaɗan da sai aiki. Rabin zango ba zan buga ba. Ƙungiya ta ce za ta jira ni, amma ba ta yi alkawarin komai ba bayan haka. Ki faɗa wa Baba yadda yake, kada ki rage komai. In ya janye ba zan ga laifinsa ba."

Ta sami mahaifinta a zaure yana gyaran igiya, ta karanta masa kalma bayan kalma. Bai ɗago ba har ta gama.

"Sa'adda na karɓi hauyar, na san abin da likita za ya ce?" ya tambaye ta.

"A'a, Baba."

"To ki ce mishi biki na nan bayan an ɗaure gero, kamar yadda aka yanke. Kuma ya bi maganar likita, in ba haka ba ni da shi ne."

Haka kuwa aka yi. Da kaka ta yi, rumbuna suka cika, aka ɗaura auren Faruku da Naja'atu a ƙofar gidan Malam Ashiru. Abokan wasansa suka zo daga Yamai, dogaye reras, yaran Gazawa suka yi ta bin su a baya har kasuwa. Ango yana tafe a miƙe, a hankali dai, ya fara komawa fili yana jifa daga tsaye, tsalle kuwa sai likita ya ba da izini. Aka kai amarya Gidan Rumji da guɗa, ta yi kwanakinta a wajen dangin miji.

Ranar da za su wuce Yamai, Malam Ashiru ya yi abin da surukai ba su saba yi ba, ya taso tun daga Gazawa ya zo rakiya har tasha. Bai yi wa ango doguwar magana ba. Direba ya nema, ya kama hannunsa ya ja shi gefe.

"Ka ga dogon can? Duk ramin da ka gani a hanya ka taka burki. In ka girgiza mini shi, Allah ya isa."

Direba ya rantse zai bi a hankali. Naja'atu ta leƙo ta taga tana dariya tana hawaye, Faruku kuwa ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu.

Malam Ashiru ya zare hannunsa a hankali, ya ɗaga tafukansa sama, mutanen tasha suka taya shi.

"Allah ya ba ku zaman lahiya da zuri'a mai albarka. Allah ya tsare mishi bayanai, ya mai da shi bakin sana'atai. Ku tahi, Allah ya kiyaye hanya."

Suka ce amin. Motar ta tashi, tsohon yana tsaye yana kallo, har sai da ya ga ta rage gudu a ramin farko sannan ya juya.